Siminti a Fuskar Zauren Baba

Har yau in na ga mutum ya tsaya gaban tsohon gini da tsakar rana, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto ya wuce, sai in ji raina ya ɓaci kamar ni ya zaga. Da tsakar rana me za ka gani? Bango ne kawai, ja, a shafe. Adon da aka yi da ƙasa ba launi ke fito da shi ba, inuwa ce. Sai da hantsi, ko bayan la'asar, in rana ta bugo shi ta gefe, sannan kowane tudu zai jefa inuwarsa cikin kwarin da ke kusa da shi. Na san haka ne don a gaban irin wannan bango na girma, kuma ni ne na kashe shi da hannuna.

Garinmu ƙaramin gari ne a ƙasar Kafur, in ka saki kwalta ka bi burji ta cikin gonakin masara. Babana manomi ne da damina kamar kowa, da rani kuma magini. Ya gina wa mutane ɗakuna da rumbuna ba adadi, amma abin da aka san shi da shi fuskar zaurenmu ce. Ko baƙo ake wa kwatance, da ita ake yi: in ka wuce zaure mai zane, sai ka yi dama.

Zauren kudu yake kallo. A saman ƙofa akwai babbar da'ira, da wasu uku a cikinta, kowace ta fi ta wajenta nutsewa. Kewaye da ita wasu siffofi ne masu kusurwa huɗu, riƙe da juna kamar saƙar faifai, har su kai ƙarƙashin zankwaye, ƙahonin nan na saman gini. Daga nan layuka biyu suka gangaro ta gefen ƙofa, suna karyewa dama da hagu har ƙasa. Wasu magina kan zana keke, ko takobi, ko agogo, don mai gida ya nuna abin da ya mallaka ko abin da yake mafarkin mallaka. Baba bai taɓa yi ba. In an tambaye shi hoton mene ne wannan, sai ya ce, "Ba hoton komi ba ne. Kalla dai." Wani malamin gona ya taɓa tsayawa da babur ɗinsa ya yi mana dogon bayani, wai da'irar rana ce, masu kusurwa huɗun kuma gonaki. Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya ce to madalla. Da mutumin ya tafi sai ya ce wa Inna, mahaifiyata, yau an zo har gida an gaya masa abin da ya zana.

Irin wannan ado ba a yin sa a gama. Kowace shekara, in zafi ya kai zafi, ɗorawa ta nuna, mata sun cire gari da kalwa, Baba zai sa a tara masa ɓawon. Shi ake dakawa a jiƙa ya zama makuba, wadda ake kwaɓa jar ƙasa da ita don ruwan sama ya riƙa zamewa a kanta. Sai ya jingina tsani, ya bi zanen nan tun daga sama, tudu bayan tudu, yana mayar da ƙasa duk inda damina ta ci. Kayan aikinsa tafin hannu ne, da babban yatsa, da wani tsohon cokali da bakinsa ya cinye. Kwaɓin yana da wari, ba zan ɓoye ba, kuma yana rina hannu ya yi makonni bai fita ba. Ni tun ina ƙarami na tsani warin nan. In na ga an jiƙa makuba sai in toshe hanci in bi ta ƙofar baya.

Na yi karatu, na zama malamin lissafi a wata sakandare a Malumfashi. Tun daga ranar da na kama aiki Baba ya koma ce mini Malam, kuma ban taɓa rabe lokacin da girmamawa ce da lokacin da zolaya ce ba. Ni kuwa kaina ya kumbura. Mutumin da yake zana da'ira a allo da ƙarfe, yara arba'in na kallonsa, ai dole ya ga kowa a karkace. Wata Asabar na zo gida, Baba bai daɗe da gama yaɓen shekara ba, na ɗauko zare da rula na hau tsani. Yana zaune a tabarma yana kallona.

Na ce, "Baba, da'irar nan taku ba daidai take ba. Gefen gabas ya fi na yamma kauri da yatsa guda."

Ya ce, "Yaushe ka auna, Malam?"

"Yanzu mana."

"Yanzu wane lokaci ne?"

"Bazara."

"To ka dawo da kaka ka sake aunawa."

Na ce ban gane ba. Ya ce, "Ruwa ta ina yake zo mamu? Ba ta gabas ba? Yatsan nan da ka gani nashi ne, na aje mashi. Kafin a yanke dawa ya cinye, sai ta zauna daidai."

Sannan ya tashi ya miƙo mini buta, ya ce in tsiyaya a saman da'irar. Na tsiyaya. Ruwan ya rabu biyu, ya bi kwarin da'ira, ya faɗa cikin masu kusurwa huɗun, ya bi layukan gefen ƙofa yana karyewa dama da hagu har ya sauka ƙasa. Babu inda ya tsaya. Shekara ashirin da wani abu ina shiga ƙofar nan, ban san abin da nake ɗauka kwalliya hanyar ruwa ba ce. Na sauko na naɗe zarena. Da kaka ta yi ban dawo na auna ba, don na ji tsoron kada gaskiyarsa ta fito.

Shekaru suka ja, idon Baba ya fara mutuwa. Da farko mutane ne ba ya ganewa sai sun yi magana, daga baya ko ƙofa sai ya laluba. Ya daina zuwa gona, ya daina gini. Abin da ya rage masa shi ne bangon nan. Kullum da hantsi zai fito, ya dafa shi, ya bi layukan da yatsunsa iyakar inda hannunsa ya kai, sannan ya zauna a gindinsa. Inna ta ce in ya taɓa bangon ya san yadda gari ya kwana: ko an yi raɓa, ko iska ta juya, ko ruwa na tafe. Duk duniyar da yake gani ta koma taku shida, daga wannan kusurwar zaure zuwa waccan.

Da ɗorawa ta nuna a shekarar da ya kasa hawa tsani, ya aiko in zo. Ya ce, "Malam, ara mani hannunka kwana biyar. Kai ka hau, ni ina ƙasa ina gaya maka. Na ƙasa-ƙasan nan kuma in kama hannunka in nuna maka." Na ce jarrabawa ta matso, sai an yi hutu. Ƙarya nake. Jarrabawar tana nan, amma ba ita ba ce. Akwai ɗalibaina uku 'yan garinmu, kuma ban ga yadda za su gan ni a kan tsani da gajeren wando, hannu dumu-dumu da makuba, ranar Litinin kuma in tsaya gabansu da alli ba. Hutu ya zo ruwa ya riga ya sauka. Wata shekarar ya sake aikowa, na sake samun dalili. Sauran maginan ƙasa na yankinmu kuwa wasu sun mutu, wasu sun koma ɗora bulo, ba wanda zai ɓata kwana biyar yana bin layi da yatsa.

Damina biyu ba yaɓe, bakin zanen ya fara dakushewa. Gefen gabas na da'irar ya sirance, wasu kusurwoyin suka zama kamar an lashe su. In na zo gida na ga Baba yana shafa wajen, sai in ji kunya ta kama ni, kunyar kuma ta juye ta zama haushi. Sai na yanke shawara irin ta mai albashi: zan yi maganin abin gaba ɗaya, yadda ba za a sake neman hannun kowa ba. Siminti.

Na ɗauko Baba na kawo shi gidana a Malumfashi, na ce za a duba masa ido, zai yi mako biyu. An duba ɗin kuwa, aka ce an makara. A cikin makon biyun nan na kai wani birkila daga Funtua, mutumin kirki, gwani a aikinsa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Malam, siminti da ƙasa ba su cika shiri ba. Da dai an samu mai yaɓe." Na ce masa aiki na kira shi, ba shawara ba. Inna ma ta leƙo ta ce, "Ka gaya mashi?" Na ce so nake ya dawo ya tarar. Ta ce, "Uhm," ta koma ciki.

Birkilan ya kakkafa ƙusoshi, ya bi zanen ya lulluɓe shi da siminti, tudu a kan tudu, kwari a kan kwari. Ni kuma ina tsaye da zarena da rulata. A nan na rama abin da aka yi mini da buta. Na sa ya daidaita da'irar ta zama da'ira ta gaskiya, irin ta littafi. Na sa ya miƙar da duk layin da na ga ya kauce. Da ya bushe aka bi shi da fenti, shuɗi da kore da fari. Garin nan kaf aka zo kallo. Masu babur suna tsayawa, mata suna leƙowa, ana cewa ɗa ya yi wa ubansa abin kirki. Na sha yabo har na ƙoshi.

Da la'asar na dawo da Baba. Maƙwabta sun taru suna jira su ga murnarsa. Na kama hannunsa na kai shi gaban ƙofa, na ce, "Baba, ku taɓa ku ji." Ya ɗora tafinsa. Na ga hannun ya tsaya cak, kamar wanda ya miƙa hannu zai gaisa da ɗan'uwansa ya ji hannun baƙo. Ya bi layin gefen ƙofa zuwa sama, ya dawo. Ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa. Ya matsa taku biyu ya sake ƙwanƙwasawa.

Ya ce, "Siminti ne."

Na ce, "Shi ne. Yanzu kun huta, ba sauran yaɓe har abada."

Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Ƙasa numfashi take yi, Malam. Da damina ta sha, da rani ta fitar. Ka toshe mata hanci." Sannan ya juya wajen mutane ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya yi mashi albarka." Aka ce amin. Ya rufa mini asiri a gaban jama'a, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Kafin magariba ya sa aka ɗauke tabarmarsa daga gindin bangon aka mayar ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dogon yaro, da ke tsallaken hanya. Ya kira matan gida ya ce daga yau kada yaro ya sake wasa a gaban zaure, kada a ɗaure akuya a wurin, mai shiga ya shiga, mai fita ya fita, ban da tsayawa. A nan na kasa haƙuri. Na ce duk garin nan wa aka yi wa irin wannan gata? Na ce mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa amma ba a iya muku. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Na buga babur na tafi, na yi wata biyu ban taka garin ba.

Abin da ya biyo baya daga bakin Inna na ji. Ya daina shafa bangon, tunda ba abin da zai ji sai santsin fenti. Amma kullum da hantsi yakan tsallako da sandarsa, ya bi shi yana ƙwanƙwasawa, kunne a kusa. Daminar farko ya ce mata wajen da simintin ya saki ya kai faɗin faifai. Da rani ya ce ya kai tabarma. Wani siririn tsagu ya buɗe a can sama, ƙarƙashin zanko, inda siminti ya haɗu da ƙasa, wanda mai ido ma sai ya hau tsani zai gani. Ta nan ruwa ke shiga ya kwanta a baya, ba hanyar fita, ba iskar da za ta busar da shi. Daga waje kuwa fenti na ta ƙyalli, baƙi na ta ɗaukar hoto. In na zo sai in nuna wa Inna in ce, ga shi nan garau, ina abin da ake tsoro? Shekara biyu makaho yana sauraron aikinsa yana ruɓewa, mu masu ido muna yaba kyansa.

A damina ta biyu, cikin watan da ake kwana uku ba a ga rana ba, Inna ta kira ni bayan azahar ina Malumfashi. Ta ce, "Ka zo. Fuskar zaure ta faɗi." Na tambaya ko ta faɗa wa wani. Ta ce ba kowa a wurin, ai ka san ya hana.

Na iso ana yayyafi. Simintin ya ɓallo gaba ɗaya, tun daga zanko har dokin ƙofa, ya kifa da fuska a ƙasa ya farfashe. Bai faɗi shi kaɗai ba. Ƙusoshin nan sun riƙe ƙasar da ke bayansa, ya tafi da ita. Bangon ya tsaya tsirara, baƙi, jiƙe, tubali a waje, babu ko layi ɗaya. Mutanen da suka zo yabo su ne suka zo jaje, ba wanda ya kalle ni, kuma na san dalili.

Baba yana tsugune a cikin ɓaraguzan, rigarsa ta jiƙe, yana laluba gutsattsarin. Ruwa ya wanke ƙasar da ke manne a bayansu. Na matso zan ɗaga shi sai ya ce, "Malam ne? Kawo hannunka." Ya kama yatsana ya ɗora a bayan wani gutsure. Ashe lokacin da aka shafa simintin yana ɗanye, ya shiga kowane lungu na aikin Baba ya kwafe shi. Gaban nawa ne, mai santsi da fenti. Bayan kuwa nasa ne, har da sawun cokali, har da shatar babban yatsansa.

Ya ce, "Ka ji? Ga nawa nan. Sai dai a juye yake. Inda na danna ya taso, inda na tayar ya nutse."

Ya bi da yatsana ta kan wani lanƙwasa, ya ce wannan gefen gabas ne na da'ira, ji yadda ruwa ya ci shi shekara biyun da ba ka zo ba. Ba da faɗa ya faɗa ba, yadda ake gaya wa mutum ranar kasuwa ya faɗa. A nan na yi kuka, ina da shekara arba'in da 'yan kai, a gaban ɗalibaina da nake jin kunya.

Na ce, "Baba, in rani ya yi sai mu sake. Ni zan hau. Ku nuna mani."

Ya miƙe da kyar, ya lalubi bangon, ya tura yatsa a tsakanin tubali. Yatsan ya shige kamar cikin tuwo. Ya ce, "A kan me za mu yi? Wannan sai rushewa." Ya goge hannunsa a riga, ya ce a kai shi ciki, sanyi yake ji.

Bai sake fitowa ƙofar gida ba. Ba abin da zai taɓa, ba abin da zai saurara. Ya rasu bayan an gama girbi. Ba zan ce bango ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, amma na san abin da na ɗauke masa kafin kwanan ya ƙare. Zauren kuwa aka rushe shi kada ya faɗa wa wani, aka ɗora na bulo da rufin kwano. Yanzu in ana wa baƙo kwatance da shagon mai cajin waya ake yi.

Na ɗauko gutsure ɗaya, wanda ya ɗora yatsana a kai, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Yana kan tagar ɗakina a Malumfashi, bayansa na kallon sama. Da hantsi rana takan bugo shi ta gefe, inuwa ta kwanta, amma a inda bai kamata ba. Wata rana dabara ta zo mini: in na danna ɗanyar ƙasa a ciki na ɓamɓare, ai aikinsa zai fito daidai, ba a juye ba. Na jira ɗorawa ta nuna, na je kasuwar Bakori na samo ɓawo, na daka da kaina, na jiƙa, na kwaɓa jar ƙasa. Warin ya cika gidan, matata ta kwashe yara suka fita waje. Na danna, na ɓamɓare a hankali, sai ga shi: lanƙwasar da'irar Baba, da shatar yatsansa a nutse yadda ya bar ta. Na ajiye a inuwa, na zauna ina kallo har la'asar.

Kwana biyu ta bushe ta tsattsage, na taɓa ta zube. Na sake, na ƙara makuba, ta yi laushi ta ƙi kamawa. Na rage, ta sake tsagewa. Bana shekara ta huɗu ke nan ina gwadawa duk bazara. Ban san yawan makubar da ake zubawa ba, ban san kwana nawa ake barin kwaɓin ya kwana ba, kuma na tambaya har na gaji, ba wanda ya sani. Shekara da shekaru ana kwaɓa ta a ƙofar gidanmu, ni ina bi ta baya da hannu a hanci.